Ƙanena ya faɗa mini sirrinsa, yanzu yana cewa gara ya mutu

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙasar Kazaure, ina da aure da 'ya'ya biyu. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 16. Tun yana ƙarami muryarsa a sanyaye take, ya fi son zama wajen Innarmu a madafi a kan zuwa filin ƙwallo. Yara sun laƙa masa "ɗan daudu", Baba kuma ya sha dukansa wai ya zama namiji. Tun bayan babbar salla ya rage cin abinci, ba ya barci, abu kaɗan sai kuka ko ya riƙa buga kansa da garu. Da ya zo gidana na matsa masa, sai ya ce tun yana ɗan shekara 13 yake jin zuciyarsa tana karkata ga maza, ba mata ba. Ya rantse bai taɓa aikata komai ba, ya yi azumi ya yi addu'a abin bai tafi ba, kuma gara ya mutu da ya jawo wa gidanmu abin kunya. Ni dai kuka kawai na yi. Kawunmu bai san wannan maganar ba, amma yana cewa aljanu ne, a kai shi gidan mari, in ya dawo a yi masa aure. In faɗa wa Baba? Akwai maganin da zai cire masa wannan abu? Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron rasa ƙanena.

Yayar yaro, daga ƙasar Kazaure

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri da ba ki kore shi ba a ranar. Kukan da kika yi bai ɓata komai ba. Yaron ya faɗi abin da ya fi tsoron faɗa a duniya, ya kuma ga yayarsa ba ta tashi ta bar shi ba.

Kafin tambayoyinki biyu akwai maganar da ba ta jiran gobe, wato "gara in mutu". Yaron da ya daina ci, ya daina barci, yake buga kai da garu, sannan ya furta wannan kalma, ba shagwaɓa yake yi ba. Ki keɓe da shi ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka? Ka shirya yadda za ka yi? Ka taɓa gwadawa?" Na san bakinki zai yi nauyi. Mutane suna tsoron wai tambayar ce za ta sa masa tunanin, alhali likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano ba haka ba ne. Sau da yawa ma sauƙi yaro yake ji, tunda an ɗauke masa wahalar fara maganar. In ya ce ya shirya ko ya taɓa gwadawa, a ranar za ku tafi asibiti, ko da a kan babur ne. Kada a ce sai ranar kasuwa an sami mota.

Daga nan ki zagaya gidanku da gidanki. Ragowar maganin feshi da aka ajiye a kan katanga ko bayan rumbu tun damina, fiya-fiya, shinkafar ɓera, ƙwayar da ake jefawa a buhun wake, har da magungunan Inna da ke cikin leda a ƙarƙashin matashi, duka a tattara a sa a akwati a datse da kwaɗo, makullin ya zauna wajen babba. Ba sai kin yi dogon bayani ba, "saboda yara" ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, akasari a karkara, kuma hakan na cikin abin da ya sa NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwarin nan Sniper a 2019. A ƙasar Siri Lanka, da aka hana shigo da magungunan feshi mafi dafi, yawan masu kashe kansu ya faɗi ƙwarai. Idan kuma, Allah Ya tsare, ya sha wani abu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A ɗauki kwalbar a tafi babban asibiti mafi kusa.

Ki kuma nemi ya dawo gidanki na ɗan lokaci. Yaro mai irin wannan tunani bai kamata ya kwana shi kaɗai a shagon ƙofar gida ba. Ki ce wa maigidanki ƙanenki ba shi da lafiya, damuwa ta yi masa yawa, kina so ya zauna kusa da ke. Gaskiya kika faɗa.

To, ki faɗa wa Baba? A'a, ƙanwata, kada ki faɗa. Kada ki faɗa wa Kawu, ko aminiyarki, ko wani malami don neman addu'a. Sirrin nasa ne, amana ya ba ki, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kin san inda muke. Akwai dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga dokokin shari'a da Kano da Jigawa suke aiki da su tun 2000. Ƙanenki bai aikata abin da doka za ta hau kansa ba, amma jita-jitar ƙauye ba ta jiran alƙali. Magana ɗaya ta fita a majalisa, an gama da karatunsa, ba zai iya shiga kasuwa ba, wataƙila ma a taɓa lafiyarsa. Mahaifin da yake dukansa kan sanyin murya kawai, ki auna abin da zai yi in ya ji wannan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. Abin da ya zama dole iyayenku su sani shi ne ɗansu yana fama da ciwon damuwa, yana ambaton mutuwa, kuma duka yana ƙara masa ciwon.

Game da magani, ba zan yaudare ki ba. Babu ƙwaya, babu allura, babu turare ko duka da aka tabbatar yana sauya inda zuciyar mutum take karkata. Tun ranar 17 ga Mayun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma inda aka gwada tilasta wa matasa su sauya, abin da aka girba shi ne ƙarin damuwa da yunƙurin kashe kai. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai cire masa, kuɗinki yake so. Ni ba malama ba ce, ba fatawa nake bayarwa ba, hukuncin addini kan aikin kuwa ke da shi duk kun san shi, shi ne ma yake hana shi barci. Amma malamai sun bambanta tsakanin abin da yake ɗarsuwa a zuciya ba da zaɓin mutum ba da abin da ya aikata da gangan, kuma ƙarshen Suratul Baƙara ya ce Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Yaron nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi la'ananne ne. Ki tuna masa ayar Suratuz Zumar da ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, da ta Suratun Nisa'i da ta ce kada ku kashe kanku, Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Yadda zai tafiyar da rayuwarsa in ya girma tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma sai da rai da lafiya zai iya fuskantar wannan. Kada ki yi masa alƙawarin abin zai tafi, don in bai tafi ba zai ga har ke ya ba wa kunya. Ki yi masa alƙawarin da za ki iya cikawa, cewa ko me ake ciki shi ƙanenki ne.

Gidan mari kuwa ki tsaya da ƙafarki ki hana. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba: mutum sama da 300, cikinsu har da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala, wasu sun ba da labarin lalatar da aka yi da su. Bayan 'yan makonni aka bankaɗo irinsa a Daura. A yi masa addu'a, a karanta masa Alƙur'ani a tofa, wannan alheri ne. Duka da ɗauri da hayaƙi a ɗaki rufe zalunci ne ko da wane suna aka kira su. Auren da Kawu yake hange ma ba mafita ba ne. Za a ɗauko 'yar mutane da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, a jefa ta cikin rayuwar da ba ta zaɓa ba, a ƙara wa yaro mai shekara 16 nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da yake da magani shi ne ciwon damuwar, kuma yana da kyau ki gane daga inda ya taso. Shekara uku yaron nan yana tsaron kansa: yadda zai yi tafiya, yadda zai ɗaga hannu, yadda zai yi dariya a aji. Ana yi masa gori da rana, ana dukansa da yamma, da dare kuma ya kwanta yana saƙa da warwara, ba shi da wanda zai faɗa wa. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa irin waɗannan yara suna saba wa danne abin da suke ji da kuma maimaita baƙin tunani, har su kasa sarrafa zuciyarsu, abu kaɗan ya tunzura su. Buga kai da garun nan ba hauka ba ne. Zafin zuciya ne ya rasa hanyar fita. Wani bincike da Dakta Caitlin Ryan da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa matasa irinsa da danginsu suka tsangwame su sosai sun ninka waɗanda ba a tsangwama ba fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Amurka daban, Kazaure daban, amma zafin ƙin da uwa da uba suke yi wa ɗa iri ɗaya ne ko'ina. Masu binciken sun kuma yi aiki da iyalai masu riƙo da addini, suka ga cewa ko ba su bar aƙidarsu ba, rage zagi da duka da wariya kaɗai yana rage haɗarin.

Shi ya sa nake so ki mai da hankali kan koya masa yadda zai riƙe kansa in abin ya taso. Matsanancin ƙunci kamar rafin bayan gari yake bayan ruwa mai ƙarfi: ya cika ya tumbatsa, wanda ya faɗa a lokacin ya tafi da shi, wanda ya jira a gaɓa zuwa la'asar ya tsallake. Aikinku shi ne ya koyi jira.

Da jiki ake farawa, don a wannan lokaci nasiha ba ta shiga. Ki ɗebo ruwan randa mai sanyi a kwano, ya tsoma fuskarsa na ɗan lokaci, ko ya jiƙa tsumma ya ɗora a goshi da idanu. Sanyi a fuska yana rage bugun zuciya, kuma yana cikin dabarun da Marsha Linehan ta Jami'ar Washinton ta tsara don masu cutar da kansu, waɗanda yanzu ake koya wa matasa a asibitoci da yawa. Mu kuma mun taso da hadisin cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ga kuma alwala. Bayan ruwan sai numfashi: ya shaƙa yana ƙirga huɗu, ya fitar a hankali yana ƙirga shida, kamar sau goma. Ki zauna kusa da shi a tabarma ki yi tare da shi, kada ki tsaya a kansa kina ba da umarni. In jikin ya ƙi lafawa, ya fita da sauri zuwa gona ya dawo tare da wani, ko ya tuƙa keke har ya yi gumi. Ku riƙa gwada waɗannan a ranar da yake cikin natsuwa, don jiki ya saba kafin ranar buƙata.

In ya lafa sai ki taimaka masa ya gane abin da yake ji. Yaranmu maza komai "raina ya ɓaci" suke cewa, ko su yi shiru. Ki tambaye shi, tsoro ne, ko kunya, ko fushi da Baba, ko kaɗaici? Kowanne da abin da yake buƙata. Mai tsoro yana so ya ji ba za a tona shi ba, mai kaɗaici yana so a zauna da shi. Ku yi wata 'yar alama tsakaninku: bayan isha'i ki ce "yau nawa?", ya ba ki lamba daga 1 zuwa 10. In ya ce 3, ku yi hira ku kwanta. In ya ce 8, ba ya kwana shi kaɗai, kuma da safe sai asibiti. Ko a gaban maigida za ki iya tambaya ba wanda ya gane.

Idan ya fara "kowa ya tsane ni" ko "ni abin kunya ne", kada ki yi saurin cewa "haba, daina faɗar haka". Ki fara da "na ji, abin da zafi". Sannan ki tambaya a hankali: "Kowa ɗin su wa da wa? Inna tana ciki? Ni fa? Me ka aikata da ya zama abin kunya?" Shi zai ba da amsar da bakinsa, kuma wadda ya faɗa da kansa ta fi zama a zuciyarsa. "Ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba, ya shekara uku yana yin sa. "Ka zama namiji" kuwa ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya. Ku rubuta a 'yar takarda alamun da yake gani kafin abin ya taso, abubuwa uku da zai yi, da mutum biyu da zai je wajensu. Sirrin kansa kada ya shiga takarda, kada ya shiga waya.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna aiki: lokacin kwanciya ɗaya, waya ta kwana a ɗakinki, ya ci abinci tare da ku ko loma biyar ce, ya fita rana. In girki yake so, ki bar shi ya yi. Mai shayi da mai tsire da kukun otal duk maza ne, da shi suke riƙe gidajensu, kuma yaron da kullum ake ce masa ba shi da amfani yana buƙatar abu ɗaya da zai yi a ce masa madalla.

Duk wannan ba ya maye gurbin likita. Kun yi sa'a kuna kusa: akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano kusa da kasuwar hatsi, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kuna gudun idon sani, ku wuce Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ku yi sammako ku yanki kati, ku shirya wa layi. Ki gaya wa likita rashin barci, rashin ci, kukan, buga kan, tsangwamar makaranta, dukan gida, da maganar mutuwa, kada ki rage ko ɗaya. Waɗannan sun isa a fara yi masa magani. Sirrin kuwa shi zai zaɓi ya faɗa ko ya bari, bayan ya ga kamun ludayin likitan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi mutunta majinyaci da tsare sirrinsa, amma ma'aikata hali daban-daban ne. A ƙaramin asibitin ƙauye, inda mai ba da kati maƙocinku ne, kada a ɗauko zancen sam. In wani ma'aikaci ya fara zagi ko gori, ki kama hannun ƙanenki ku nemi wani.

Ki tambaya ko akwai mai yin magani ta hanyar tattaunawa, don ga matasa shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a fara da shi. In likita ya ga sai an haɗa da ƙwaya, wadda aka fi ba matasa ita ce fuloksetin. Tana ɗaukar makonni kafin a ga aikinta, makonnin farko kuma ana ƙara sa ido a kan yaro, ba a kuma dainawa kwatsam don an ga sauƙi. Maganin ya zauna a hannunki, ke za ki riƙa ba shi. Kada ki je kemis ki sayo masa maganin barci, kuma ki lura ko ya fara taɓa tiramol ko kodin, don yara da yawa da ƙoƙarin kashe zafin zuciya suke faɗawa shaye-shaye.

Akwai tambaya ɗaya da za ki yi masa wata rana cikin natsuwa, ba da sigar tuhuma ba: ko akwai wani babba da ya taɓa taɓa shi, ko yake ba shi kuɗi, ko yake yi masa barazana. Ba ina cewa hakan ne ya jawo abin da yake ji ba. Yaron da aka ware, wanda yake tsoron tonon asiri, shi mugaye suka fi hari, don sun san ba zai kai ƙara ba. In ya ce e, ba laifinsa ba ne, kuma dole a raba shi da mutumin a gaya wa likita. Ki gargaɗe shi kan Facebook da WhatsApp: akwai masu shigar burtu su jawo yaro da hira, su karɓi hoto ko su kira shi wani wuri, sannan su fara tatsar kuɗi da barazanar tona shi. Kada ya tura hoto, kada ya je gamuwa da wanda bai sani ba, in kuma an riga an fara yi masa barazana ya zo wajenki kafin ya biya ko sisi.

Makaranta kuwa ke malama ce, kin san ƙofar da ake bi. Ki sami shugaban makarantar ki ce ana tsangwamar ƙanenki har ya kwanta ciwo, kina so a tsawatar. In abin ya ƙi, sauya makaranta ya fi a rasa yaro.

Baba ba ke za ki tunkare shi ba. Ki fara da Inna, ki zaunar da ita ki gaya mata ɗanta yana ambaton mutuwa. Sannan ku nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ku nuna masa katin asibiti da maganin, ya je ya ce masa yaron nan majinyaci ne, a ɗaga masa hannu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Katin asibitin nan shi ne kuma amsarki ga Kawu in ya sake tayar da zancen gidan mari: yaro yana hannun likita, an ba shi ranar komawa, ba inda za shi.